Talatar Ramin Dutse

Ni ke riƙe da makullin tsohon ramin fasa dutse
tun ranar da Torleif ya ce kafaɗarsa ta yi ritaya.
Ya miƙo mini shi tare da littafin sunaye,
ya ce, "Gunvor, tara mutane ya fi hawa wuya."
Na yi dariya a lokacin.

Nuwamba a Telemark, rana ta koyi rowa.
Na tashi daga asibiti da warin magani a hannu,
na bi su a waya ɗaya bayan ɗaya.
Eivind, ɗansa na zazzaɓi.
Ragnhild tana hanya,
tun makon jiya take hanya.
Sha ɗaya na rubuta, biyar muka zo.

Ruwan da ke gangarowa daga saman kwari bai daskare ba,
yana ta zuba, yana surutu,
ko a jikinsa wai ana jiransa.
Mu kuwa ba ma jira da hannu a aljihu.
Gatarin ƙanƙara muke kai wa busasshen dutse,
ba don sara ba, don lallashi:
ka nemi ɗan gefen da bai kai faɗin farce ba,
ka maƙala bakin ƙarfe,
ka ɗora masa duk abin da ka ci tun safe,
ka saurara ko zai yarda.

Fitilun goshi biyar suna yawo a bango.
Haƙoran takalmi na ƙarce dutse,
tartsatsi, sai ƙauri, sai shiru.
Aslaug, shekara sittin da ɗaya,
tana hawa kamar mai ɗinki, ba gaggawa, ba magana.
Sindre sabon shiga ne, jini na tafasa,
yana dukan bango kamar ya ci masa bashi.
Na ce, "Yaro, wannan ba ya jin faɗa.
Ajiye ƙarfinka, Janairu za ta tambaye ka."

Torleif ma ya zo, shi da ya yi ritaya.
Ya kife bokiti ya zauna,
filas ɗin kofi tsakanin ƙafafu,
yana wasa mana bakin gatura da zarto,
yana gyaran kowa ba tare da ya ɗaga kai ba.

Da layi ya zo kaina, hannu ya yi ƙaranci.
Igiyata ta faɗa wa Sindre.
Na duba ƙullinsa sau biyu, ya gani,
na duba na uku, ya kau da kai.

Can sama, inda dutsen ya turo goshi,
damatsana suka fara kuka,
yatsu suka mutu cikin safar hannu.
Na miƙa. Ƙarfe ya ce ƙyas.
Ƙotar gatari ta sumbace ni a leɓe,
bango ya gudu sama,
sai ga ni ina lilo, ina kallon taurari tsakanin takalmana.
Igiya ba ta ba da ko taki ɗaya ba.

Daga ƙasa muryarsa, tana ɗan rawa:
"Kina nan?"
Na tofar da gishirin jini, na ce ina nan.
Ban ce ya sauke ni ba.

Ƙarfe tara muka naɗe igiyoyi.
Aslaug ta raba burodin kirfa da wuƙar aljihu,
gutsuren Ragnhild ya koma jaka.
Na buɗe littafi, na sa alama biyar,
gaban sunan Sindre alƙalamin ya ɗan daɗe.

A hanyar gida na tsaya a gada,
na haska fitila gefen ruwan.
Can a lungu, inda feshi ke sauka,
ƙanƙara ta fito, tsawon ɗan yatsa, siririya,
ko kofin Torleif ba za ta iya ɗauka ba.

Ban gaya wa kowa ba.
Da kumburarren leɓe na koma mota,
na rubuta musu, har da mai hanya:
Talata, ƙarfe shida. A zo da hular kwano.